Yadda Ake Fitar da Karyayyen Bol a Jikin Inji Ba Tare da An Kashe Ramin Ba

Da zarar sifana ta saki a hannunka, kan bol ya biyo ta, guntun ya maƙale a jikin inji, abin da ya fi maka shi ne ka ajiye kayan aiki ka ja da baya na ɗan lokaci. Yawancin ɓarnar da ake yi a wannan aiki ba karyewar ce ke jawo ta ba. Abin da ake yi a mintunan da suka biyo baya ne, lokacin da rai ya ɓaci, mai mota yana tsaye a kai, aka rarumi diril aka kafa shi a karkace. Bol ɗin ya riga ya tashi aiki, ba shi kake nema ba. Abin da kake ƙoƙarin ceto shi ne ramin da zaren da ke cikinsa, domin su a jikin kan silinda ko bulok suke, canza waɗannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka duk dabarar da za ka ɗauka, ka fara tambayar kanka: in ba ta ci ba, ramin zai tsira?

Fara da sanin abin da ya karya shi

Bol ɗin da ya karye wajen ɗaurewa, saboda an matse shi fiye da ƙima, galibi guntunsa sake yake a ciki. Abin da ke riƙe bol a wurinsa shi ne jan da ke tsakanin kansa da zarensa. Kai ya tafi, jan ya tafi. Irin wannan sau da yawa da tsinin fanci ma, ƙarfen nan da ake kafawa a buga da guduma, za ka juyo shi. Haka wanda ya tsinke da kansa mota na aiki, saboda jijjiga da gajiyar ƙarfe. In ka haska fitila a fuskar karayar za ka ga gefe guda sumul ya ɗan yi duhu, ɗaya gefen kuma sabo fil mai kaushi. Sumul ɗin nan tsaga ce da ta daɗe tana ci kafin ya ƙarasa.

Mai wuyar shi ne wanda ya karye wajen kwancewa. Bol ne da kansa da cikakken kaurinsa, amma ya murɗe ya tsinke bai motsa ba. Ke nan riƙon da tsatsa ta yi masa ya fi ƙarfin jikinsa. To ina ga siririn ƙarfen da za ka zura a cikinsa ka murɗa, wanda bai kai rabin kaurinsa ba? Dole sai ka fara karya riƙon tsatsar kafin ka yi maganar juyawa. Haka abin yake ga bol ɗin da ya fi ramin tsawo ya je ya tokare da gindi, ko wanda aka ɗaura a kan zaren da ya hau juna.

Wurare biyu aka fi gamuwa da wannan. Na farko inda bol na ƙarfe ya shiga alminiyam kuma ruwa na kai masa, kamar famfon ruwa da gidan tamostat. Ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu da danshi sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, ya zama wani farin gari da ke cika tsakanin zaren ya daskare. Na biyu sitod ɗin manifol na hayaƙi, wato bol marar kai mai zare sama da ƙasa da ke riƙe manifol, bututun da ke kwaso hayaƙi daga kan silinda. Hayaƙin injin fetur yakan wuce digiri 700 a ma'aunin Celsius idan motar na jan nauyi. Manifol ya buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi, kullum yana jan sitod ɗin gefe da gefe, shi ya sa na can ƙarshe-ƙarshe suka fi karyewa.

Gyara wurin kafin ka taɓa guntun

Cire duk abin da ya tare maka hanya, ko da zai ci maka awa guda. Aikin da ido ba ya gani sosai, hannu kuma ba ya shiga a miƙe, a karkace yake ƙarewa. Toshe duk wata kafa da ke buɗe da tsumma mai tsabta ko salatif: ramin fulogi, bakin shigar iska, hanyar mai da ta ruwa. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe ɗaya in ya faɗa silinda ko hanyar mai, ya isa ya jawo wani sabon aikin. Cire kan batir na nagatif. Sa tabarau na kariya.

Sannan ka kwance ɗan'uwan bol ɗin da ke kusa, in akwai, ka auna kaurinsa da tsawonsa da tazarar zarensa. Ka zura siririyar waya a raminsa ka ga zurfin. Wannan awon zai yi maka amfani sosai in aka kai ga huji.

Goge wurin da burushin waya, ka fesa man kwance tsatsa, ka ɗora fanci mai faffaɗan baki a kan guntun ka riƙa yi masa ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Ba duka ba, ƙwanƙwasa. Girgizar ce ke farfasa tsatsar ta buɗe wa man hanya. Ka ba shi lokaci, in da hali ya kwana, kana ƙara fesawa.

Zafi ya fi mai aiki, amma da sani ake sa shi. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka in guntun a cikin alminiyam yake, kewayen ramin za ka gasa, ramin ya buɗe ya sassauta riƙo. Sai dai alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Yana nan da launinsa har ya kai wajen digiri 660 ya zube. Ka riƙa yawo da harshen wutar, kada ka tsayar da shi wuri guda, kuma da ɗigon ruwa ya fara tsalle a kai yana ƙonewa nan take, ya isa. In kuwa a ƙarfen zubi yake, guntun kansa ake gasawa ya yi ja, a bar shi ya huce. Kumburin da ya yi ya murƙushe tsatsar, da ya huce kuma sai ya tsuke. Kafin ka kunna wuta, dubi tiyon fetur, wayoyi, roba da sil da ke kusa, ka kare su da falle na ƙarfe ko jiƙaƙƙen tsumma, abin kashe gobara kuma yana gefenka. Akwai wani abu da ba a wasa da shi: wasu magungunan fesawa na wanke birki suna da sinadarin kulorin, kuma in suka haɗu da wuta ko walda suna fitar da iskar fosjin, wadda kaɗan daga cikinta ke lalata huhu. Kada ka wanke wurin da za ka gasa da irinsu.

Idan guntun ya leƙo waje

Wannan sa'a ce, kada ka ɓarar da ita da filaya mai santsi da za ta gwaguye ɗan abin da ya rage. In zaren da ya leƙo ya isa ɗaukar noti biyu, ɗaura su ka matse su da juna, sannan ka kwance da na ƙasa. In bai isa ba, sa magagari ka fere gefe biyu su yi baje, ka kama da filaya mai kulle, ka matse ta iya ƙarfinka a can gindi dab da jikin inji.

Yadda ake juyawar shi ne sirrin. Kada ka ja gefe guda da ƙarfi. Ɗan matsa shi ta wajen ɗaurewa tukuna, sannan ka dawo ta wajen kwancewa, gaba da baya, kamar mai girgiza turke zai tuge shi. Da farko motsin ba zai wuce kaurin gashi ba. Da ka ji shi, fesa mai, ci gaba da kai da komo, kowane zuwa yana ɗan ƙara faɗi. In ya fara ƙara yana yin tauri a tsakiyar hanya, mayar da shi ciki, ƙara mai, ka sake. Mutane da yawa a nan suke sake karya shi, bayan ya riga ya fara fitowa, don sun ga kamar an gama.

In ya karye daidai da fuskar ƙarfen kuma alamu sun nuna sake yake, kafa tsinin fanci a gefen fuskarsa, ka karkata shi, ka riƙa bugawa a hankali ta wajen kwancewa. In bai motsa ba bayan 'yan bugu, bar shi, kada ka buɗa bakinsa ya ƙara cushewa.

Walda

A ganina babu dabarar da ta kai wannan ga guntun da tsatsa ta kama, kuma ita ya kamata a gwada kafin a ɗauko diril. Tana yin aiki biyu a lokaci guda: tana ba guntun sabon kai, zafinta kuma yana shiga har gindinsa ya karya tsatsar. In ba ta ci ba, ramin yana nan lafiya. A kan alminiyam ma ta fi sauƙi, domin waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam.

Tabbatar an cire batir, ka maƙala wayar as ɗin walda dab da inda kake aiki, a jikin ƙarfen da guntun yake. In ka maƙala ta nesa, wutar za ta nemi hanya ta cikin boris da wayoyin mota, har ta iya taɓa kwamfutar motar. Goge fuskar guntun har sai farin ƙarfe ya fito, don walda ba ta kama mai da tsatsa.

Samo washa mai kauri wadda raminta ya yi daidai da guntun ko ya ɗan fi shi ƙanƙanta, ka ɗora a kai, ka fara waldar daga tsakiyar guntun kana fitowa har ta haɗe da washar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika ramin da narkakken ƙarfe alhali bai kama guntun ba. Wutar ta fara cin guntun tukuna. Bayan nan ka ɗora noti babba a kan washar, ka yi waldarsa ta ciki. Noti da washa su zama baƙin ƙarfe, ba masu farin shafe ba, domin hayaƙin wannan shafen yana sa zazzaɓi kuma yana ɓata walda. In guntun ya nutse ciki da 'yan milimita, sai ka riƙa ɗiga walda a tsakiyarsa, ɗigo kan ɗigo, kana kakkaɓe ƙurar tsakani, har ya taso ya kai baki. A ƙarfen zubi ka kula kada ta taɓa bangon ramin.

Kada ka sa sifana yana ja. Jan ƙarfe laushi gare shi, murɗewa zai yi, kuma a lokacin guntun a kumbure yake. Bari jan ya ɓace ya huce sosai, ka ɗan ƙwanƙwasa notin, ka fesa mai, sannan ka fara kai da komo da ƙaramar sifana. In notin ya ɓalle, ba asara ba ce. Sake wani. Kowane zagaye na zafi da sanyi yana ƙara sassauta shi, kuma sau da yawa sai a na biyu ko na uku yake biyowa.

Huji

In babu walda, ko wurin bai ba da damarta ba, sai huji. Duk aikin ya rataya ne a kan abu guda: ramin farko ya faɗa tsakiya, kuma ya tafi a miƙe. Fuskar karaya ba ta taɓa zama baje, kullum da tudu da gangare, bakin diril kuwa gangaren yake bi, in ya zame kuma alminiyam mai laushi zai faɗa ya bar ƙarfen. Don haka fara baje fuskar da magagari ko ɗan ƙaramin dutsen giranda. Ɗora fanci mai tsini a tsakiya ka yi ɗan tabo mara zurfi, ka duba ta kowane gefe da fitila. In ya kauce, karkata fancin ka koro tabon zuwa tsakiya, sannan ka zurfafa shi. Ka lura cewa zare yana ruɗin ido, tsakiyar da kake gani a fuskar ba lallai ita ce ta gaskiya ba, da da'irar ramin za ka auna.

In guntun ya nutse, akwai dabara mai kyau. Mayar da manifol ɗin ko murfin da ka cire, ka ɗaure shi da sauran bol, ramin da ke jikinsa ya zama jagora. Sa ɗan bututun ƙarfe da ya cika ramin daidai, wanda cikinsa ya yi daidai da ƙaramin bakin diril. Shi zai riƙe maka tsakiya da miƙewa gaba ɗaya.

Duba lambar ƙarfi da ke kan ɗan'uwan bol ɗin. Mai 8.8 baki na yau da kullum yana cin sa in yana da kaifi. Mai 10.9 ko 12.9, da sitod ɗin hayaƙi da wuta ta gasa shekara da shekaru, sai baki mai kobal. In za ka samu bakin da ke yanka ta hagu, wanda ake sa diril a ribas, to shi ne gaba da kowanne: yana huji yana murɗa guntun ta wajen kwancewa, kuma sau da yawa kana cikin huji za ka ga guntun ya kama bakin ya biyo shi waje.

Fara da milimita 3. Ƙasa da haka saurin karyewa gare shi. Juyi a hankali, dannawa daidai, ɗigon mai a kai a kai. In kana ganin ɓawon ƙarfe yana fitowa a nannaɗe, yana ci. In gari kake gani da hayaƙi, bakin ya dakushe, kuma gogar da yake yi tana ƙara wa guntun tauri, sai ka canza shi. Naɗa salatif a jikin bakin daidai zurfin da ka auna. A bayan ramuka da yawa na kan silinda hanyar ruwa ce ko ta mai, kuma naman da ke tsakani ba shi da kauri. Yawanci akwai ɗan fili tsakanin ƙarshen bol da gindin rami, za ka ji diril ya yi sauƙi farat ɗaya idan ya ɓulla. Tsaya nan. Fesa mai ta cikin hujin ya jiƙa zaren ta baya, sannan ka riƙa ƙara girman baki kaɗan-kaɗan.

Maganar estirakta

Ita ce ƙarfen nan mai tsini da murɗaɗɗen zare na hagu da ake kafawa a cikin hujin a juya. Ana sayar da ita kamar ita ce maganin komai, amma ni ina jan kunne a kanta. Ga guntun da yake sake tana aiki lafiya. Ga wanda tsatsa ta kama kuwa, illa biyu gare ta. Tsininta yana buɗa guntun ya ƙara matse bangon ramin, sannan ƙarfenta mai tsananin tauri ne, ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle ba gargaɗi. In ta karye a ciki, ka samu abin da bakin diril ba ya ci a tsakiyar ramin, garin gyaran gira an rasa ido. In za ka yi amfani da ita, zaɓi mai miƙaƙƙun haƙora a kan mai tsini, ka juya ta da hannun tap (ƙarfen yanka zare a cikin rami) mai riƙo biyu don kada ƙarfin ya karkata gefe guda. Da ka ji tana ɗan murɗewa kamar sifirin guntun kuma bai motsa ba, cire ta.

In ta riga ta karye, ko tap ne ya karye, gwada walda a kansa tukuna. In ba haka ba sai ɗan dutsen kabaid a ƙaramar giranda mai gudu, a ci shi a hankali. In abin alminiyam ne da za a iya cirewa, kuma babu wani ƙarfe a jikinsa da ake so, jiƙa shi a ruwan alif mai ɗumi yana cinye ƙarfen ya bar alminiyam, sai dai yana ɗaukar kwanaki. Kan silinda mai daraja kuwa gara a cire shi a kai wa masu injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki. Kai aiki inda ya fi ƙarfinka ba gazawa ba ce.

Huje shi gaba ɗaya

In guntun ya ƙi, sai a cinye cikinsa har ya rage zaren kawai. Girman bakin ƙarshe shi ne kaurin bol a debe tazarar zare. Duk awon a milimita ne: bol M6, wato mai kaurin 6, mai tazarar 1.0, baki 5.0. M8 mai 1.25, baki 6.8. M10 mai 1.5, baki 8.5, mai 1.25 kuma 8.8. M12 mai 1.75, baki 10.2. In hujinka na tsakiya ne, a wannan matakin za ka fara hango kan zaren ramin ta ko'ina daidai, abin da ya rage na bol ɗin kuma siririn nadi ne da za ka ɗago bakinsa da tsinke mai ƙarfi ka jawo shi da filaya. In ta gefe guda zaren ya fara bayyana, tsaya da huji, ka karya ɓawon da ya rage zuwa ciki da siririn fanci.

Bi ramin da tap mai girmansa, ka fara shi da yatsu don ya hau tsohon zaren, kada ya yanka sabo. Rabin juyi gaba, kwata baya. Shafa giris a kwarin tap ɗin ya kwaso ɓarɓashi.

In zaren ya mutu, ramin bai mutu ba. Akwai zaren waya da ake sakawa, irin su Heli-Coil, da kuma mai kamar ɗan bututu irin su Time-Sert. Kowanne yana zuwa da bakin diril da tap nasa na musamman, kada ka musanya su da wasu. A buɗa ramin, a yanka sabon zare, a murɗa na wayar ya nutse ƙasa da baki da kusan rabin juyi, a karya ɗan harshen da ke gindinsa a fitar da shi. A alminiyam ka zaɓi mai tsawon da ya kai kaurin bol sau ɗaya da rabi ko sau biyu. In an yi shi daidai, yakan fi zaren alminiyam na asali ƙarfi, kuma bol ɗin asali ne zai koma. Ga wurin da ke ɗaukar ɗauri mai nauyi, kamar bol ɗin kan silinda, mai bututun ya fi kwanciyar hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cusa bol mafi girma da ƙarfi, ko a cika ramin da gam a ce an gyara.

Mayar da sabo

Busa ramin da iska, ka tabbatar babu mai ko ruwa kwance a gindinsa. Ruwa ba ya matsuwa, in ka ɗaure bol a kansa yana iya tsaga bulok. Sabon bol ya zama daidai da tsohon a tsawo da lamba, kuma ya shiga da yatsu har ƙarshe kafin sifana ta taɓa shi. In sitod ɗaya na manifol ya karye, canza sauran, don wahala ɗaya suka sha, ka kuma ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol ɗin ka ga ko ta bauɗe, domin bauɗaɗɗen manifol zai sake karya sabon.

A sitod ɗin hayaƙi da bol ɗin da ke shiga alminiyam kusa da ruwa, shafa ɗan man hana kamewa mai tagulla ko nikel. Ka sani cewa zare mai maiƙo yana ɗauruwa fiye da busasshe a awo ɗaya, don haka a ɗan rage ƙarfin ɗaurin. Bol ɗin kan silinda kuwa abin da littafin motar ya ce kawai za a bi, kuma irin waɗanda ake ƙarasa ɗaurinsu da juyin digiri an yi su ne su miƙe, yawancinsu ba a maimaita su. Ɗaura da sifana mai ma'auni. Busasshen bol mai lamba 8.8, M6 wajen Nm 10 yake ɗauka (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar), M8 wajen 25, M10 wajen 50, in littafin bai faɗi wani abu dabam ba. Nm 10 ɗan kaɗan ne ƙwarai, da wuyan hannu ake kai shi, shi ya sa ƙananan bol na murfin bawul da famfon ruwa suka fi kowanne karyewa a hannun mai doguwar sifana. Bayan an tayar da inji ya yi zafi ya huce, koma kan notunan manifol ka sake bin su da ma'aunin.